Zalla Ko Gamin Gambiza: Tarihin Jayayyar Gidajen Rawa

A manyan biranen Turai da Amurka, ginin gidan rawa daban ne, daren da ake yi a cikinsa daban. Mai gida shi ke da ɗaki da lasifikoki da lasisi. Masu shirya dare kuwa sukan karɓi rana guda, Juma'a ko Lahadi, su raɗa mata suna, su kawo DJ ɗinsu, su tara jama'arsu mako bayan mako. A nan ne aka daɗe ana sa-in-sa. Wasu sun ce dare nagari shi ne wanda ya riƙe salon kiɗa ɗaya zalla daga buɗe ƙofa har wayewar gari. Wasu sun ce a'a, a bar DJ ya yi gamin gambiza, ya ɗauko daga nan ya ɗauko daga can. Jayayyar ta haura shekara 50, kuma wanda ya bi tarihinta zai tarar ɓangarorin biyu cin juna suke yi: kusan kowane salo a ɗakin gauraye aka haife shi, a ɗakin zalla ya yi ƙashi.

Falon Mancuso

Ranar 14 ga Fabrairun 1970, wani mutum mai suna David Mancuso ya gayyaci abokansa biki a gidan da yake zaune, lamba 647 a titin Broadway na New York. Bikin ya ɗore, ya zama na kowane mako, aka riƙa kiran wurin The Loft. Ba a sayar da giya, ba a shiga sai da gayyata. Baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da fararen fata duk suna haɗuwa, da yawansu masu neman jinsi ne waɗanda sauran wuraren shaƙatawa ke rufe wa ƙofa. A lokacin babu wani kiɗa da aka keɓe da sunan na gidan rawa, don haka Mancuso ya riƙa sa duk faifan da zai motsa jiki: sol, fank, rok, jaz, kiɗan Latin da na Afirka.

Afirka na cikin labarin tun daga tushe. Francis Grasso, wanda ya yi suna a gidan Sanctuary wajen ɗora bugun faifai ɗaya a kan na wani ba tare da rawa ta yanke ba, yakan sa gangunan Babatunde Olatunji, ɗan Najeriya. A 1972 kuma Mancuso ya tsinci wani faifai a wani shago a Brooklyn: Soul Makossa na Manu Dibango, ɗan Kamaru, wanda aka buga a bayan waƙar gasar cin kofin ƙasashen Afirka da aka yi a Kamaru a shekarar. Daga The Loft waƙar ta shiga rediyo, kamfanin Atlantic ya sayi izinin bugawa, a 1973 ta shiga sahun waƙoƙi 40 da suka fi kasuwa a Amurka. Kamfanoni suka gane cewa ɗakin rawa na iya ɗaga faifai sama.

Ganin haka suka fara dafa kiɗa musamman domin ɗakin: bugu huɗu a jere marar yankewa, goge da ƙaho a sama, faifai mai faɗin inci 12 da ke ɗaukar doguwar waƙa guda. Wannan shi ne disko. Abin da ya fara a matsayin tsince-tsincen DJ ya zama salo mai ƙa'ida, kuma zuwa 1977, shekarar da aka buɗe gidan rawa na Studio 54 aka kuma fitar da fim ɗin Saturday Night Fever, ya cika kasuwa har ya fara ginsar mutane.

Masu tsattsauran ra'ayi na arewacin Ingila

A daidai wannan lokaci, a garuruwan masana'antu na arewacin Ingila, 'ya'yan leburori sun ɗauki wata hanya dabam. Su ba sa son komai sai tsofaffin faya-fayan sol na baƙaƙen Amurka na shekarun 1960, masu sauri, waɗanda ba su yi kasuwa ba a ƙasarsu. Aka sa wa harkar suna Northern Soul. Cibiyarta mafi shahara ita ce Wigan Casino, inda aka riƙa kwana ana rawa daga 1973 zuwa 1981. Matasa kan hau jirgin ƙasa daga nesa da jakar kayan sauyi. DJ kan liƙe takarda a kan sunan faifai don kada abokan hamayya su gano shi. Su dai a wurinsu da tsohuwar zuma ake magani.

Rigimar farko ta zalla da gauraye a nan ta ɓarke. A Blackpool Mecca, Ian Levine da Colin Curtis suka fara shigo da sababbin faya-fayan Amurka masu ƙamshin disko. Mutanen Wigan suka ɗauki abin a matsayin cin amana. Harkar ta dare gida biyu. Wigan ta nuna ƙarfin daren zalla, domin ta tara jama'a masu sani da biyayya, irin waɗanda ke gane faifai daga bugun farko. Ta kuma nuna rauninsa: faya-fayan shekarun 1960 suna da iyaka, kuma da rijiyar ta fara ƙafewa sai aka koma tonon tarkace.

Bayan faɗuwar disko

Ranar 12 ga Yulin 1979, a filin wasa na Comiskey Park da ke Shikago, wani mai gabatar da shirin rediyo, Steve Dahl, ya tarwatsa tulin faya-fayan disko a gaban dubban mutane, taron ya rikiɗe ya zama tarzoma. Ba da jimawa ba manyan kamfanoni suka janye hannu daga disko. Gidajen rawa na baƙaƙen fata ba su rufe ba, amma sabon faifai ya yi ƙaranci, dole DJ ya sake fita tsince-tsince.

A Paradise Garage na New York, wanda ya rayu daga 1977 zuwa 1987, Larry Levan yakan haɗa sol da waƙar coci da rege da rok na Ingila da kiɗan na'ura na Jamus a dare guda. Abokinsa Frankie Knuckles ya koma Shikago a 1977, ya kama aiki a wani gida mai suna Warehouse. Shi ma haka ya yi: tsohon disko na Philadelphia, faya-fayan Italiya, sai ya riƙa yanka kaset yana tsawaita inda jama'a suka fi so, daga baya ya ɗora bugun na'urar ganga a ƙasa. Masu saye suka riƙa zuwa shago suna tambayar irin kiɗan da ake sawa a Warehouse, daga wutsiyar sunan aka sami hawus. A farko, ke nan, hawus tarin faya-fayai ne mabambanta da mutum ɗaya ya zaɓa. Sai da samarin Shikago suka sami na'urorin kamfanin Roland da araha, TR-808 da TR-909 da TB-303, suka fara yin nasu faifan tun daga 1984, sannan ya zama salo mai kamanni guda.

Detroit ma haka ta kasance, sai dai makarantarta rediyo ce. Wani mai shirin dare da ake kira The Electrifying Mojo yakan sa Kraftwerk na Jamus, ya bi shi da Prince, ya bi shi da Parliament. Samari uku da suka yi makaranta tare a Belleville, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, suka tashi da wannan gauraye a kunnuwansu. Abin da suka fitar shi ne tekno, sunan da ya kama duniya a 1988 lokacin da wani kamfanin Ingila ya tattara ayyukansu a kundi guda. Kiɗan da yau ake ganin ya fi kowanne tsare ƙofarsa, daga shirin rediyon da bai san ƙofa ba ya fito.

Ibiza da damina biyu a Ingila

A tsibirin Ibiza na Sifaniya akwai wani gida mai suna Amnesia, wanda a lokacin filin rawarsa a buɗe yake ba rufi. DJ ɗinsa, Alfredo Fiorito, ɗan Ajantina ne da ya baro ƙasarsa a 1976. Jama'arsa 'yan yawon buɗe ido ne daga ƙasashe barkatai, ba harshe ɗaya ba ɗanɗano ɗaya, don haka ya riƙa haɗa hawus na Shikago da rok da waƙoƙin rediyo da kiɗan garaya na Sifaniya. A 1987 samari huɗu 'yan Landan, Paul Oakenfold da Danny Rampling da Nicky Holloway da Johnny Walker, suka je hutu suka ji shi. Suna dawowa suka buɗe nasu darare: Shoom a ƙarshen 1987, Spectrum da The Trip a 1988. A Manchester kuma gidan Haçienda, da aka buɗe tun 1982, ya riga ya fara sa hawus.

Abin da suka ɗauko daga Alfredo 'yancin gauraya ne, amma abin da ya kama matasa shi ne asid hawus, mai kukan na'urar TB-303, tare da ƙwayar ecstasy da ta bazu a lokacin. Mai shan ƙwayar ba ya son bugu ya yanke, kuma DJ da ya sauya taku tsakiyar dare sai ya ga fili ya watse. Cikin shekara biyu, 1988 da 1989, taruka suka fita daga gidaje zuwa filaye da rumbunan ajiya, mutane dubbai a dare guda. A waɗannan taruka har yanzu akan ji hawus da tekno da hip-hop a dandali ɗaya, domin duk faya-fayan da ake da su ba su kai a ware ba.

Shekarun rabon gado

Daga 1990 zuwa tsakiyar shekarun, gidan ya rabu. Dalili na farko gudun kiɗa ne. Ana auna shi da yawan bugu a minti: hawus yana zagaye 120 zuwa 125, tekno ya ɗan ɗara, tirans yana kusan 140, jangul na Landan ya haura 160, gabber na Rotterdam ya wuce haka. Na'urar juya faifai da kusan kowane gida ke amfani da ita a lokacin, Technics SL-1200, ba ta iya ƙara gudu ko rage shi fiye da kashi 8 cikin 100. Faifan da ke bugu 120 iyakarsa wajen 130. Babu dabarar da za ta sada shi da na 170. Ga shi kuma DJ da hannu yake ɗaukar akwatin faya-fayai, abin da ya zuba a ciki tun daga gida shi ne darensa.

Dalili na biyu doka ce da kuɗi. Bayan taron Castlemorton na 1992, inda dubun-dubatar mutane suka yi kwanaki a fili, gwamnatin Birtaniya ta yi dokar 1994 wadda ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa tarukan fili masu kiɗa mai maimaita bugu. Rawa ta koma cikin gini mai lasisi, mai haya da albashin masu gadi. Gidaje irin su Ministry of Sound na Landan, da aka buɗe a 1991, da Cream na Liverpool, a 1992, suka zama kamfanoni masu sayar da kundi da riguna. Ɗan kasuwa yana son hajar da za a iya faɗin sunanta a kalma ɗaya. Shagunan faifai suka ware kantoci, mujallu suka ware shafuka, gidajen rediyon bayan fage suka ware sa'o'i. Manyan taruka suka ƙirƙiro sulhu: ɗaki uku ko tanti biyar, kowanne da kiɗansa.

Dalili na uku mutane ne. Kamar yadda a ƙasar Hausa kalangu ke kiran mahauta, haka kowane salo ya riƙa kiran nasa: jangul ya tara 'ya'yan baƙaƙen Landan da suka tashi da manyan lasifikokin rege na Jamaika, gabber ya tara 'ya'yan ma'aikatan Rotterdam. Sutura ta bambanta, takun rawa ya bambanta, kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Abin da zalla ta rena

Ba za a raina abin da wannan zamani ya haifar ba. A 1995 Goldie da abokansa na Metalheadz suka kama daren Lahadi a wani ƙaramin gida mai suna Blue Note a Landan. Da yawa daga cikin jama'ar masu haɗa kiɗa ne da kansu. Mutum zai gama waƙa cikin mako, ya yanka ta a faifan gwaji guda ɗaya, ya ji yadda ta fito a lasifika ranar Lahadi, ya ga fuskokin abokan sana'a, ya koma gida ya gyara. Da wannan gasa ce salon drum and bass da suke yi ya yi zurfin da ba zai taɓa yi ba da a ce minti 20 kawai ake ba shi a daren gauraye.

Labarin dabstep ya fi fito da zagayen a fili. A tarukan jangul akan ware ƙaramin ɗaki na biyu inda ake sa gareji na Amurka don masu neman sassauci. DJ ɗin Landan suka riƙa ƙara masa gudu, ya zama gareji na Ingila, ya sami nasa dararen. Daga gefensa mai duhu, wanda samarin Croydon ke yi, wanda kuma shi ne ya zama dabstep, aka buɗe daren FWD>> a 2001, daga baya ya koma ɗakin ƙasa na gidan Plastic People. Shekaru aka yi jama'a ba su da yawa. A 2005 Mala da Coki da Loefah suka buɗe daren DMZ a Brixton, a farkon 2006 Mary Anne Hobbs ta ba su shiri a rediyon BBC, sai ga kiɗan ya tsallaka teku. Da babu ɗakin da ya yi haƙuri da shi lokacin da ba ya kawo kuɗi, da ya mutu a kaset.

Berlin ce ta kai zalla ƙololuwa. Bayan rushewar katangar birnin a 1989, gine-ginen gabas da aka yasar suka zama gidajen rawa. Tresor, da aka buɗe a 1991 a ma'ajiyar kuɗi ta wani tsohon kanti, ya ƙulla zumunci da mutanen Detroit. Berghain, a tsohuwar tashar lantarki tun 2004, yakan buɗe daren Asabar ya kai safiyar Litinin, DJ guda na iya yin awanni da yawa a kan taku ɗaya. Masu kare wannan tsari suna cewa daɗin a daɗewar yake: sai kunne ya saba da bugu ɗaya na tsawon lokaci kafin ya fara jin ƙananan sauye-sauyen da ke ciki. A 2024 Jamus ta sa teknon Berlin a jerin al'adun gadonta.

Masu ɓalle shinge

Tun rabon bai gama kankama ba wasu suka gaji. A 1996 François K da Danny Krivit da Joe Claussell suka fara Body & Soul a New York, ranar Lahadi da rana, a kan tafarkin The Loft. A Glasgow ta Sikotland, JD Twitch, wanda ya yi shekaru yana sa tekno a Edinburgh, ya ga harkar ta ƙuntata, ta zama ta maza masu ɗaure fuska. Shi da JG Wilkes suka buɗe Optimo a gidan Sub Club a 1997. Kowace Lahadi har zuwa 2010 sukan sa tekno, su bi shi da rok na shekarun 1970, su bi shi da kiɗan Afirka ko waƙar fim. Da farko mutane ƙalilan ke zuwa, daga baya layi ya riƙa zagaye gini. A Landan, Erol Alkan ya yi makamancin haka da daren Trash.

Na'ura ta zo ta mara musu baya. A 2001 kamfanin Pioneer ya fitar da CDJ-1000, sannan manhajojin kwamfuta suka ba DJ damar ja ko matse waƙa yadda yake so ba tare da murya ta lalace ba. Akwatin faya-fayai ya koma ɗan abin da ake sawa a aljihu, mai ɗauke da waƙoƙi dubbai. Masu sauraro ma suka sauya: wanda ya tashi da intanet bai san kantocin shago ba, a wayarsa rege na maƙwabtaka da tekno. Zuwa shekarun 2010 gauraya ta zama ado, har DJ kan yi alfahari da tsallakawa daga bugu 100 zuwa 170 cikin awa ɗaya.

Masu zalla ba su yi shiru ba, kuma ƙorafinsu na da tushe. Suka ce gauraye iri biyu ne. Akwai na Mancuso da Levan da Optimo, inda mutum ɗaya ya san ɗakinsa, ya yi shekaru yana gina amana har jama'a suka yarda su bi shi inda ba su sani ba. Akwai kuma na mai neman cika ɗaki, wanda ke jera sunaye biyar daga salo biyar a takardar talla don kowa ya sayi tikiti, kowane DJ ya yi awa guda ya sa waƙoƙinsa da aka fi sani ya sauka. Na biyun ba ya haifar da komai. Tsadar haya da rufewar ƙananan gidaje a biranen Turai, musamman bayan annobar korona ta 2020, sun ƙara tura masu shirya dare zuwa ga wannan hanya, domin daren da ba ya cika ɗaki a watannin farko ba ya samun shekarun da FWD>> ya samu.

Juyi na baya-bayan nan daga Afirka ya fito. Amapiano ya tsiro a unguwannin baƙaƙen fata na Pretoria da Johannesburg a tsakiyar shekarun 2010, daga haɗuwar hawus da kwaito da jaz, da taku a hankali wajen bugu 112. Da ya yi ƙarfi sai ya sami dararensa zalla a Afirka ta Kudu da Landan, inda ake kwana ba a sauka daga kansa ba. Daga nan mawaƙan Legas irin su Asake suka ɗauki gangarsa suka zuba a nasu kiɗan, ya sake shiga wani gaurayen. A Yuganda kuma bikin Nyege Nyege, da aka fara a Jinja a 2015, ya jera singeli na Darussalam mai gudun tsiya kusa da gqom na Durban da tekno na Turai.

Saboda haka birnin da ke son sabon kiɗa yana buƙatar ɗakunan biyu, kuma yana buƙatar su da arha. Wanda ya fi fuskantar barazana a yau shi ne ƙaramin dare na mako-mako, zalla ne ko gauraye, mai DJ na dindindin da jama'a 200 da suka san juna. Manyan bukukuwa na iya sayen duk salon da ya riga ya yi suna, amma babu ko ɗaya daga cikin salon da aka ambata a wannan tarihi da ya fara a babban dandali.